Yadda muke shirya surukina mai shekara 68 don farauta a dajin Wayomin

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da war haka daga garin Kodi da ke jihar Wayomin a ƙasar Amurka. Dattijon da kuke hange a bayana kan farin doki mahaifin matata ne, shekarunsa 68, kuma a watan Oktoba zai shiga dajin Torofe tare da ɗan jagora domin farautar elk, wani nau'in barewa mai rassan ƙaho wanda namijinsa kan kai kilo 300, wato girmansa ya yi kusa da na gwankin dajinmu.

Dole ne a fara da sanin wurin, domin shi ne ya tsara mana dukkan shirin. Torofe yana kudu maso gabashin gandun Yelosuton, kuma akwai sashensa da ya yi nisan fiye da kilomita 30 daga titin mota mafi kusa. Dokar kare daji ta 1964 ta hana shiga irin wannan wuri da mota ko babur ko ma keke, saboda haka mutum da kayansa sai a bayan doki da alfadari, yini guda cur a kan sirdi. Dokar Wayomin kuma ta wajabta wa wanda ba mazaunin jihar ba ya tafi da jagora mai lasisi ko wani mazaunin jihar da aka amince masa, idan zai farauci manyan namun daji a wuraren da aka keɓe. Baba mazaunin wata jihar ne, don haka ya nemi lasisin farauta tun watan Janairu, ƙuri'ar rabon lasisin ta faɗa masa bayan shekaru yana tara makin da ke ƙara wa mai nema damar samu. An ɗauke masa takardar shaidar koyon farauta, tun da dokar ta shafi waɗanda aka haifa daga 1966 zuwa yau ne kawai.

Mutane da yawa suna zaton bindiga ce babbar magana. A ganina ita ce mafi sauƙi. Abin da ke kayar da dattijo a wannan tafiya shi ne sirdi, domin wanda ya daɗe bai hau doki ba, idan ya wuni a kai, cinya takan saɓule, gwiwa ta sage, ƙugu ya riƙe, sai ya wayi gari a sansani ya kasa fita daga tanti alhali ya biya kuɗi masu yawa. Shi ya sa muke zuwa wannan gona duk mako yana hawa, muna ƙara masa tsawon lokaci a hankali. Ku dubi ƙafarsa da kyau: mun sassauta igiyar likkafa har gwiwar ta ɗan miƙe, saboda gajeriyar likkafa ita ce ke tara ciwo a gwiwa. A gangare mai tsanani kuwa sauka ake yi a ja dokin da hannu, don haka muna koya masa sauka da sake hawa daga kan dutse ko kututture, ba daga ƙasa ba.

Sai maganar numfashi. Garin nan yana kan tsayin kimanin mita 1,500, wuraren farautar kuwa suna kaiwa mita 3,000, inda iskar da mutum ke samu a kowace shaƙa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da bakin teku. Ciwon kai da jiri da rashin barci su ne alamun farko, kuma mai hawan jini bai kamata ya yi wasa da su ba. Likitansa ya gwada zuciyarsa a kan injin tafiya, ya duba magungunansa, ya kuma ba shi shawarar ya kwana biyu ko uku a gari kafin ya hau. Kullum da safe yana hawan tudu da jaka a baya da sandunan dogarawa biyu, sanye da takalman da zai tafi da su, domin sabon takalmi a daji bororo kawai yake kawowa.

Bindigarsa tsohuwa ce mai cin harsashi samfurin .30-06, kuma na hana a saya masa mai ƙarfi fiye da ita, domin bindigar da ke dukan kafaɗa takan sa mutum ya runtse ido kafin ya ja kunama. Ba ya harbi daga kan tebur yanzu. Yana tafiya da sauri har sai ya fara haki, sannan ya durƙusa ya ɗora bindigar a kan sanduna ya harba, kuma mun tsayar da iyakarsa a mita 200. Dajin na da beyar nau'in girizili, wata ƙatuwar dabba da kan kai wa mutum hari, saboda haka yana koyon zaro gwangwanin feshin barkono na korar ta daga ƙirjinsa da hannu ɗaya, cikin rigar lemo mai ƙyalli da doka ta ce a saka.

Wuri mafi wuya shi ne ranar da zai yi waya da jagoran. Dattijo ba ya son a ji rauninsa, ni kuma akwai kunyar surukuta tsakaninmu. Sai na ce masa, “Baba, mutumin nan shi zai zaɓa maka doki da hanya, idan bai san halin gwiwarka ba, zai zaɓa wa saurayi ne.” Ya yi shiru, sannan ya ɗauki waya ya faɗi komai, har maganin da yake sha da dare. Jagoran ya ce zai ba shi doki gajere mai sanyin hali, ya riƙa zaunar da shi a bakin fili da asuba da yamma, lokacin da elk ke fitowa kiwo, maimakon bin su cikin duwatsu. Ya kuma tabbatar mana cewa akwai na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam a sansanin, tun da babu sabis ɗin waya, kuma idan rashin lafiya ta yi tsanani jirgi mai saukar ungulu ake kira. Wannan ne ya sa muka yanki inshorar ceto, kuma a mako mai zuwa zan nuna muku yadda muke auna kayansa, saboda jagoran ya ƙayyade nauyin da alfadari zai ɗaukar wa kowane mafarauci.