Ƙwayar shekara biyar: zufar dare, ciwon gaɓoɓi da rigimar awara

HADIZA: Assalamu alaikum, masu sauraro barkanmu da war haka. Yau babu doguwar shimfiɗa, don tun ranar Asabar saƙon muryar nan yake yawo a WhatsApp, wanda wata baiwar Allah take rantsuwa cewa tamoxifen, ƙwayar da ake ba masu sankarar mama, na jawo sankarar mahaifa, wai kowa ta zubar da nata. Anti Rabi da Malam Sani suna tare da ni. Anti, gaskiya ne ko ƙarya?

ANTI RABI: Gaskiya ce aka ɗauko guntu aka yi mata riga da zane. Ƙwayar tana ƙara haɗarin sankarar bangon mahaifa, wannan ba a ɓoye shi ba, yana rubuce a takardar da ke cikin kwali. Amma nawa? Kimanin mace 1 zuwa 2 cikin 1000 a shekara, kuma mafi yawa waɗanda al'adarsu ta riga ta ɗauke ne. Yanzu ɗora wannan a sikeli ɗaya da amfaninta. Mace mai irin sankarar maman da istirojin, wato sinadarin jikin mace, yake ciyarwa, in ta sha miligiram 20 kullum shekara 5, dawowar cutar tana raguwa da kusan rabi a shekarun shan, mutuwa ta dalilinta kuma da kusan kashi ɗaya bisa uku. Wa zai yar da wannan don tsoron wancan?

MALAM SANI: Kuma ita ta mahaifar tana sallama kafin ta shigo.

ANTI RABI: Ƙwarai. Jini. Wadda al'adarta ta ɗauke, in ta ga ko ɗigo ɗaya a kamfai, ko ruwa mai jaja-jaja, a makon nan za ta je a duba mahaifa, ba ta jira ranar da aka rubuta mata a kati. Farin ruwa marar wari kuma marar ƙaiƙayi kuwa, aikin ƙwayar ne, ba sanyi ba ne, a daina ɗura mata maganin sanyi a kemis.

HADIZA: To amma mafi yawan saƙonnin da muka samu ba ma na mahaifa ba ne. Zafi ne. Wata ta rubuto cewa da tsakar dare sai ta ji kamar an buɗe mata murhu a ƙirji, ya hau wuya ya hau fuska, minti biyu uku ta jiƙe sharkaf, sannan kuma sanyi ya kama ta.

ANTI RABI: Shi ne. Kuma ki haɗa shi da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato, maki 40 ya wuce, ga ba wuta. A fara da abin da ba kuɗi. Kaya na auduga, atamfa ko yadin da ke shan zufa, ba leshi mai roba ba, ba hijabin roba mai laƙe wa wuya ba. Kaya biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, don in ya taso a cire na sama. A gefen gado: ruwan randa a gora, ƙaramin tawul a jiƙe a kwano, rigar canji, da mafici ko fanka mai caji. Tawul ɗin a ƙeya ake ɗorawa da wuyan hannu. Sai ta ɗauki littafi ta riƙa rubutawa mako biyu, ƙarfe nawa ya taso, me ta ci ko ta sha kafin nan. Yawanci za ta kama ɓarawon da kanta: shayi mai tururi, kofi, goro, ko yaji.

MALAM SANI: Akwai kuma sauya lokacin sha. Ƙwayar sau ɗaya ce a rana, babu ruwanta da safe ko dare. Mai fama da zufar dare ta gwada safe, mai jin tashin zuciya ta gwada dare bayan abinci. In duk bai yi ba, akwai magungunan da likita ke rubutawa: venlafaxine, ana farawa da miligiram 37.5 a kai 75, ko gabapentin, wanda ya fi dacewa da mai zufar dare don yana sa barci, ko oxybutynin, sai dai shi yana busar da baki. Abin da ba a yi shi ne shan ƙwayar istirojin da ake ba masu ɗaukewar al'ada. Wannan zuba wa wuta fetur ne.

HADIZA: Amma Anti, yaji fa? Ki ce wa Bahaushiya ta ci awara ba yaji?

ANTI RABI: Ni ban ce ta bari ba, cewa na yi ta gwada ta gani.

MALAM SANI: Awara ba yaji ai soso ce.

HADIZA: Ka ji ko! Gara ma a ce ta haƙura da awarar gaba ɗaya.

MALAM SANI: A'a, akwai dabara. A soya ta da ƙwai, a yanka kabeji da albasa da tumatur, a barbaɗa ɗan ƙuli.

ANTI RABI: Malam, ƙulin da ba barkono ai garin gyaɗa ne kawai.

MALAM SANI: To a sa citta kaɗan.

HADIZA: Citta ma ai zafi gare ta. Kuma wai ni wace awarar ake nufi, ta ruwan tsami ko ta lemon tsami? Don ta ruwan tsami ta fi laushi.

MALAM SANI: Ta tsamiya fa? Ku mutanen birni ba ku san ta tsamiya ba.

ANTI RABI: Ikon Allah. An zo maganar magani an koma kasuwar awara.

HADIZA: Ai tana cikin tambayoyin, Anti. Mutum huɗu sun tambaya ko waken suya haramun ne gare su, wai yana da istirojin.

ANTI RABI: To madalla, kin ceci kanki. Awara, madarar waken suya, kunun da aka sa masa waken, duk abinci ne, a ci daidai ci. Abin da ke cikin waken mai kama da istirojin rauni gare shi ƙwarai, kuma binciken da aka yi kan matan da suka yi wannan cuta bai nuna yana dawo da ita ba. Inda muke jan kunne shi ne abin da aka tace aka tattara ƙarfinsa a kwalba ko ƙwanso. Garin hulba da ake sha cokali-cokali safe da yamma don ƙiba ko cikar ƙirji, haɗin gyaran nono, haɗin da ba a san me aka zuba ciki ba. Wannan ba abinci ba ne, magani ne marar awo. Kuma tunda mun zo nan, bari in faɗi wadda ake jin nauyin faɗa.

HADIZA: Kayan mata.

ANTI RABI: Kayan mata. Magungunan nan, musamman anastrozole da letrozole, masu rage istirojin a jiki, suna busar da gaba. Fatar wurin tana yin siriri, tana saurin tsagewa, kwanciyar aure ta koma azaba. Mace ba za ta gaya wa likita namiji ba, sai ta gaya wa ƙawa, ƙawa ta kawo matsi. Alimun, bagaruwa, kanumfari, farin miski a auduga. Duk waɗannan aikinsu tsotse ruwa da ɗaure fata ne, wato ainihin ciwon ake ƙarawa. Sai tsagewa, sai raɗaɗin fitsari, sai ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Abin da ke aiki iri biyu ne kuma ba ɗaya ba ne. Akwai man da ke riƙe danshi, ana sa shi sau 2 zuwa 3 a mako da dare, ko da ba za a kusanci miji ba. Akwai kuma man santsi mai ruwa-ruwa na lokacin kwanciya. Tsarki da ruwa zalla, ba sabulu mai ƙamshi, ba tsuguno a kan turare mai zafi. In wata biyu ba sauƙi, a koma asibiti, akwai mataki na gaba da likitan sankara ne kaɗai zai yanke. Kuma maigida ya ji wannan da kunnensa: ba ƙinsa ake yi ba.

MALAM SANI: In ƙara ɗaya a nan. Tamoxifen ba maganin tazarar haihuwa ba ne. Al'ada na iya rikicewa ko ta ɗauke, mace ta ɗauka shi ke nan, sai ga ciki, alhali ƙwayar tana cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tazara, allurar wata uku da ashanar hannu duk sinadarin jiki ne, ba su dace da ita ba. Saura kwaroron roba ko robar mahaifa mai jan ƙarfe. In da man kaɗanya ko man kwakwa take amfani, ta sani mai yana ɓata kwaroron roba.

HADIZA: Malam, kana da jerin magungunan da ba sa shiri da tamoxifen.

MALAM SANI: Iri uku nake so a riƙe. Paroxetine da fluoxetine, na damuwa, suna toshe hanyar da hanta ke bi ta mayar da tamoxifen sinadarin da ke yin aikin, sai amfaninta ya iya raguwa. Rifampicin na tarin tibi yana sa jiki ya kore ta da wuri. Warfarin kuma, na hana jini daskarewa, in aka haɗa su, jini yana tsinkewa fiye da kima. Duk inda za a rubuta mata magani ta fito da kwalin ta nuna. Kwalin ma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a ajiye shi a taga ko cikin mota.

ANTI RABI: Mu koma gaɓoɓi, don a nan aka fi yin asarar mata. Anastrozole miligiram 1, letrozole 2.5, exemestane 25 bayan abinci. Waɗannan na waɗanda al'ada ta ɗauke musu ne, ko waɗanda ake yi wa allurar goserelin a fatar ciki duk kwana 28 don a kwantar da ƙwai. Kusan rabin masu sha suna kuka da gaɓoɓi. Ta farka da asuba yatsu sun sandare, ba ta iya murɗa murfin buta, sawun farko daga gado kamar ta taka tsakuwa, zaman tahiya ya gagara. Yakan fara ne cikin watannin farko. Sai ta ce sanyin ƙashi ne, ko ta yi shiru ta ajiye ƙwayar. To abin mamaki, maganinsa motsi ne. Minti 150 a mako, wato tafiya da sauri minti 30 kwana biyar, irin saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Wadda ba ta fita, ta zagaya tsakar gida minti goma-goma sau uku. Sai ɗaga nauyi sau biyu a mako: gorar ruwa mai rabin lita a kowane hannu, ɗagawa goma, a huta, a sake. Tashi da zama daga kujera ba dafawa, sau goma. Da safe a tsoma hannu a ruwan ɗumi minti biyar ana dunƙulewa ana buɗewa. Ba a ganin amfanin a mako guda, sai an yi wata biyu uku.

MALAM SANI: In ya ƙi, likita na iya ba da hutun 'yan makonni, sannan ya sauya daga wannan zuwa ɗan'uwansa. Mata da yawa da anastrozole ya hana sakat suna zama lafiya da letrozole ko exemestane. Akwai duloxetine ma. Abin da ba na so shi ne diclofenac ko ibuprofen kullum tsawon watanni, ga ƙoda ga gyambon ciki.

ANTI RABI: Sannan da waɗannan ukun, ƙashi yana zaizayewa shiru, ba ciwo, sai an faɗi an karye. Inda ake da na'urar auna ƙarfin ƙashi a yi gwajin tun farko. Kalsiyam kimanin miligiram 1200 a rana, a haɗa da na abinci: kofi ɗaya na kindirmo yana ba da wajen 300, ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Bitamin D kuma, kada a ce ai muna da rana. Matar da ke cikin ɗaki, in ta fita ta rufe jiki ruf, ranar ba ta taɓa fatarta. Ta zauna a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, minti 15 zuwa 20. In an ce za a yi mata ƙarin ruwan zoledronic acid na ƙarfafa ƙashi duk wata shida, ta fara zuwa wurin likitan haƙori, don cire haƙori bayan an fara yana iya hana muƙamuƙi warkewa.

HADIZA: Azumi fa? Da masu shirin Umara?

MALAM SANI: Azumi ba ya hana shan ƙwayar, a mayar da ita sahur ko buɗa-baki, lokaci ɗaya kullum. In an manta aka tuna a ranar a sha, in har gobe ta yi a ci gaba kawai, ba a haɗa biyu.

ANTI RABI: Tafiya ce abin lura, don tamoxifen na sa jini saurin daskarewa a jijiya. Jirgin Jidda ko motar Legas, duk zaman da ya wuce awa huɗu: ruwa da yawa, a riƙa motsa idon sawu, a tashi a taka in da hali, a sa safar matsi. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ba a murza ta da man zafi, asibiti ake nufa a ranar. Numfashi ya yanke farat ɗaya ko ƙirji ya soke, wannan ko minti ba a jira. In za a yi mata babbar tiyata ma ta faɗa tun da wuri.

HADIZA: Anti, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya tafi, kuma ba mu taɓa kumburin hannu ba, wanda shi muka yi alkawari.

ANTI RABI: Awararku ce ta cinye shi. A gurguje: hannun ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata, a kiyaye shi daga yanka da ƙuna, a shafa mai kullum, ba awarwaro ko zobe mai matsewa, ba baƙin lalle mai sinadari. Ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, asibiti a ranar. Sauran sai mako mai zuwa.

MALAM SANI: Ni dai har yanzu ina kan bakana, ta tsamiya ta fi.

HADIZA: Malam, an kashe maka makirfo. Sai Asabar in Allah ya kai mu.