Albasar Ado: Yadda Za Ta Yi Fure a Sakkwato

Ku dubi dunƙulen furen albasar ado da kyau. Ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne barkatai masu kama da taurari, suka haɗu a kan kara guda. Ku murza ganyen ku shinshina, warin albasa za ku ji. Dangin albasa ne da tafarnuwa, waɗanda masana ke kira Allium, sai dai wannan don ado ake shuka shi.

Mafi tsawo a cikinsu, Allium giganteum, asalinsa tsakiyar Asiya ne da yankin Iran, kuma karansa kan kai mita ɗaya da rabi. Akwai Purple Sensation mai launin shunayya, akwai Globemaster da dunƙulensa kan kai santimita 15 zuwa 20 a faɗi. A Ingila da Holan ana binne kawunan daga Satumba zuwa Nuwamba, su kwana cikin ƙasa mai sanyi duk hunturu, su yi fure a Mayu da Yuni.

Sanyin nan shi ne sirrin, kuma nan ne matsalarmu take. Kan albasar ado ba ya fitar da karan fure sai ya sha makonni yana cikin sanyi sosai. Hunturun Sakkwato, ko a tsakiyar Janairu, bai kai nan ba. Wanda ya binne shi kai tsaye, ganye zai samu, ko kan ya ruɓe.

Mai son gwadawa sai ya nemi firij. A zuba kawunan a jakar takarda, ba leda ba, domin leda na tara gumi. A ajiye su a sanyin digiri 4 zuwa 7 na mako 10 zuwa 12, kada a sa su wurin ƙanƙara, kada kuma a haɗa su da ayaba ko tuffa, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana lalata furen tun yana cikin kan. In wutarku ba ta tsayawa kuma babu sola, gaskiya ku haƙura da wannan hanyar. A fara a Satumba, a shuka farkon Disamba cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Rairayi kashi ɗaya, ƙasar lambu kashi biyu, da ɗan takin da ya ruɓe sarai. Zurfin rami ya ninka tsawon kan sau uku, tsinin ya kalli sama. Rana ta safe ta ishe shi. Ko an dace, a ɗauke shi na shekara ɗaya ne, zafin Afrilu ba ya barin kan ya sake ƙarfi.

Hanyar da ta fi tabbas tana nan a fadamunmu. Duk wanda ya ratsa lambunan Goronyo ko Wurno da rani ya san albasar da aka bari don iri: dogayen karare, kowanne da farin dunƙule, ƙudan zuma na ta kai kawo. Wannan ma ado ne, kuma ta saba da ƙasarmu.

A zaɓi manyan kawuna masu tauri, na jar albasar gida ko irin Galmi, waɗanda suka huta bayan girbi. A Nuwamba, sanyi na shigowa, a yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na saman kan, a bar yankan ya sha iska kwana ɗaya, sannan a dasa da tazarar santimita 30, ƙasa ta ɗan rufe shi kawai. Kai ɗaya kan ba da karare da yawa. A jera goma ko sha biyu wuri guda, domin ɗaya tilo ba ta cika ido. Cikin wata biyu zuwa uku za ku ga kumburi a bakin kara, lulluɓe da siririyar fata, sai ta tsage furen ya buɗe.

Yawan ruwa shi ya fi kashe su. A tsoma yatsa, in ƙasa ta bushe zuwa gaɓa ta biyu a ba da ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. In lawashin ya yi zane-zanen fari kamar azurfa, ƙananan ƙwari masu tsotsa ne ɓoye a tsakanin ganye, a fesa ruwan 'ya'yan dogon yaro da yamma, bayan ƙudan zuma sun tafi. Iskar hunturu na karya karan saboda cikinsa rami ne, don haka a kafa sanda a ɗaure shi sako-sako. Ganyen albasar ado kuwa kan fara rawaya tun furen bai gama buɗewa ba. Ba ciwo ba ne, a sa gajerun tsirrai a gabansa su rufe.

Furen da za a sa a ɗaki a yanke shi da sassafe, rabin furannin sun buɗe, a riƙa sauya ruwan kwalbar kullum saboda wari. Sauran a bar su su bushe a kai. Da baƙin iri ya fara leƙowa, a yanke dunƙulen a shanya a inuwa kan faifai, a kuma shuka irin cikin shekara, domin na albasa ba ya daɗewa da rai.