Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu, daga Kwamitin Kanikawa Masu Kula da Tsofaffin Motoci, Damagaram

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Duk wanda ke wurin nan ya san irin hidimar da kake yi wa tarihin ƙasar nan, ba sai mun tsaya lissafi ba. Kafin komai ga kukanmu: muna neman rumfa mai kwano da daɓen siminti, a shigar da motar da ke gabanka kafin ruwan farko ya sauka.

Damagaram ta daɗe da sanin mota. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën na Faransa mai motoci takwas, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya taso daga Aljeriya, ya keta Sahara, ya biyo ta Yamai, ya yada zango a nan kafin ya nufi tafkin Cadi. Buɗaɗɗu ne, da sarƙar roba a maimakon ƙafafun baya don kada su nutse a rairayi. A lokacin garin nan ne hedikwatar mulki. A 1926 aka mai da ita Yamai, kuma tun daga nan kayan tarihi can suke tafiya, mu a bar mu da labari.

Motocin farko kusan duk buɗaɗɗu ne, don masu ƙera keken doki ne suka fara yi musu jiki: kujera, da tamfol da ake naɗewa baya. Shi ya sa manya suka so su. Mai mulki na zaune jama'a na ganin rawaninsa, yana ɗaga hannu, kamar dai a kan doki ranar hawa. Sai a tsakiyar shekarun 1920 rufaffiyar mota ta rinjaye su a Amurka.

Wannan da wani gidan 'yan kasuwa ya ba mu amana Ford ce samfurin T, irin da aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Silinda huɗu, ƙarfin doki 20. Abin takawa uku gare ta: na hagu giya, na tsakiya ribas, na dama birki, totur kuwa a jikin sitiyari yake, da hannu ake jansa. Da ƙarfe ake murɗa ta daga gaba don ta tashi. Dole a fara tura sandar wuta da ke jikin sitiyari sama don tartsatsi ya jinkirta, a ja ƙarfen sama ba a danna ƙasa ba, kuma kada babban yatsa ya zagaye shi. Wanda ya manta, inji ya mayar masa, sai karayar hannu. Tankin mai yana ƙarƙashin kujera, babu famfo, gangarowa kawai man yake yi zuwa kafireto. In hawa ya yi tsauri mai kuma ya yi ƙasa, direba kan juya ya hau da baya.

Inji bai dame mu ba, ranka ya daɗe, ƙarfen wancan zamani yana da haƙuri. Itacen ne matsala. Sandunan ƙafafunta katako ne, ƙashin jikinta katako, har kwayil huɗu masu ba inji wuta a akwatunan katako suke. Hunturu kan busar da sandunan su saki, ƙafa ta riƙa ƙara. Damina ta kumbura su, su fara ruɓa daga gindi. Masu jiƙa su da ruwa don su kama, kwana kaɗan suke saya. Gara kuma ta riga ta shiga katakon ƙasa ta ɓangaren direba, za mu nuna maka. Tamfol ɗin da muke lulluɓawa zufa yake tarawa, yana ƙara tsatsa.

Abin da ake bukata: rumfa mai mita 8 da mita 6, fallen kwano 60, siminti buhu 30, da ƙarafa huɗu da za a ɗora motar a kai don ƙafafu su huta daga nauyi. Aikin hannu namu ne, ba za mu karɓi ko dala ba. Sau biyu muna kai takarda wani ofishi, har yau shiru.

Akwai maganar horar da yara da ta sayo tayoyi daga waje, amma waɗannan za su iya jira. Rumfar ce ba ta jira, don in aka shiga Yuni ba a kafa ta ba, ƙafafun nan ba za su ga wata daminar ba. Takardar ƙiyasi tana hannun sakatarenmu, muna roƙon ka karɓe ta yau. Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.