Maƙeran Celuk: Yadda Ake Ƙera Azurfar Bali da Yadda Baƙo Zai Saye Ta

[Hoto: hannu riƙe da hantsaki a kan zoben azurfa]

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Ku ƙura wa wannan zoben ido da kyau. Ɗigo-ɗigon nan da suka lulluɓe shi ba zane ba ne. Kowane ɗigo ƙwayar azurfa ce mai zaman kanta, wata ko girman ƙwayar gero ba ta kai ba, kuma da hantsaki aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya aka jera. Mutanen Bali na kiran wannan aiki jawan, kuma da shi ake gane azurfarsu a duk kasuwar da ta shiga.

Bali tsibiri ne a ƙasar Indunusiya, yana da mutane fiye da miliyan 4. Indunusiya ƙasa ce da Musulmi suka fi yawa, amma a wannan tsibirin mabiya addinin Hindu ne suka rinjaya, kuma hakan ya shafi kayan adonsu ƙwarai, za mu zo kansa. In kun taso daga Denpasar, babban birnin tsibirin, kuka nufi garin Ubud, hanya za ta iya bi da ku ta wani ƙauye da ake ce wa Celuk, a gundumar Sukawati cikin yankin Gianyar. Ƙauyukan wannan hanya kowanne da sana'arsa: Batubulan sassaƙar dutse, Mas sassaƙar itace, Celuk kuwa azurfa da zinariya. Ta ko'ina kuka waiwaya a babban titin garin kantin azurfa ne.

Ƙira a Bali ba jiya aka fara ba. A Pejeng, kusa da Ubud, akwai wata ƙatuwar gangar tagulla da ta haura shekara dubu biyu, tsawonta ya kusa mita 2, tana ajiye a wani wurin bauta har yau. Sannan daular Majapahit ta tsibirin Jawa ta ci Bali da yaƙi a 1343, salon fadarta ya shigo da ita. Masu riƙe da wutar ƙira dangi ne guda, sunansu Pande, sana'ar gado ce, kuma kamar yadda muke da maƙeran baƙi da maƙeran fari, su ma akwai na ƙarfe masu ƙera wuƙar nan mai lanƙwasa da ake kira keris, akwai na zinariya da azurfa. Mutane ne masu ji da kansu. Suna da limaman addininsu na kansu, ba sa dogara da na sauran jama'a, sarakuna ma da lallami suke bi da su, don wanda ke ƙera maka makami ba a wasa da shi.

A da, fada da wuraren bauta ne manyan masu sayen kayansu. Abin ya sauya ne da zuwan Turawan Holan. A watan Satumba na 1906 sarkin masarautar Badung, inda Denpasar take, da iyalinsa da fadawansa suka fito cikin fararen kaya, sun ci ado, suka tunkari bindigogin sojojin Holan har aka ƙarar da su, sun gwammace haka da su miƙa wuya. Tarihi ya nuna matan fada sun riƙa cire kayan adonsu suna jifan sojojin da su, don raini. A 1908 haka ta faru a masarautar Klungkung. Da fadoji suka raunana sai maƙeri ya nemi wani mai sayen, ya kuwa same shi a cikin baƙi 'yan yawon buɗe ido, musamman bayan ƙaddamar da filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Ngurah Rai a 1969. Wani ɗan Kanada, John Hardy, da ya iso tsibirin a 1975, ya koyi aikin a wajen maƙeran gargajiya, ya kafa kamfanin da yau ake sayar da sarƙoƙinsa a manyan kantunan Amurka da tsadar gaske.

[Hoto: tsakar gida a Celuk, tebur da wuta da kwanuka]

To mu shiga maƙerar mu gani. Kada ku sa ran ganin masana'anta. Sau da yawa wata 'yar rumfa ce a tsakar gida, miji yana wajen wuta, mata da 'ya'ya suna zaune suna jera ado.

Azurfar ba a Bali ake haƙo ta ba, sayo ta ake yi tsantsa daga waje da tsibirin. Tsantsar azurfa tana da laushi, in aka yi zobe da ita ba za ta jima ba za ta lotse. Don haka ake narka ta da jan ƙarfe: a cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa, 75 jan ƙarfe. Ma'anar lambar 925 da za ku gani an buga a cikin zobe ke nan. Bayan an narka, a zuba ta zama sanda, a daka ta ta zama falle, ko a ja ta ta cikin wani ƙarfe mai huji-huji, daga babban huji zuwa ƙarami, har ta zama siririyar waya. Da wayar ake lanƙwasa zanen da ke kama da reshen tsiro mai yaɗo, wanda suke kira bun.

Ƙwayoyin fa? Nan ne abin sha'awa. Ana yayyanka waya gutsi-gutsi, a baza a kan gawayi, a haska musu wuta. Da zarar gutsuren ya narke sai ya dunƙule da kansa ya zama ƙwallo. A tankaɗe su a ware manya da ƙanana. Sai maganar yadda za su zauna a jikin zobe kafin a kai shi wuta, alhali ko numfashi mai ƙarfi aka yi sai su watse. Maganin abin wani ɗan iri ne ja mai baƙin kai, su suna ce masa piling-piling, wanda a ƙasar Hausa muka sani da idon zakara. Ana fasa shi a dama cikinsa da ruwa ya yi danƙo, a shafa, a ɗora waya da ƙwayoyi a kai. (Irin yana da dafi mai kisa, ba abin kaiwa baki ba ne, a can da nan duka.) Sai a barbaɗa garin azurfar liƙi mai saurin narkewa, a kunna wuta. A tsofaffin maƙeru da ƙafa ake taka zuga-zugin, hannu biyu suna kan aiki. Danƙon ya ƙone, garin ya narke ya kama kowace ƙwaya. In wutar ta yi kaɗan, ƙwayoyin su zube bayan kwana biyu. In ta ɗan zarce, aikin yini guda ya narke ya zama curi. Babu agogon da ke gaya wa maƙeri lokaci ya yi, launin ƙarfen kawai yake kallo.

Daga nan a dafa kayan a ruwan tsamiya da gishiri ya fita fes, a tsoma shi a ruwan da ke da farar wuta ya yi baƙi ƙirin, sannan a goge saman. Baƙin ya maƙale a lunguna, kan ƙwayoyin ya yi ƙyalli. Wannan baƙin da gangan aka sa shi, shi ke fito da zanen.

Su kansu mutanen Bali me suke sawa? Akwai subeng, ɗan kunne mai kauri kamar 'yar ganga da mata ke zurawa a hujin kunne. A da 'yan mata kan naɗe ganyen wata irin giginya su sa a madadinsa. Akwai gelang kana na damtse, da badong mai faɗi da ke kwanciya a ƙirji, da furannin zinariya da ake jera wa amarya a ka har su yi tsiri. Jariri in ya cika kwana 105 ana yi masa biki a sa masa munduwa a hannu da ƙafa. Har kayan aikin maƙeri suna da ranarsu, Tumpek Landep, da ke zagayowa duk kwana 210, ranar da ake yi wa kayan ƙarfe addu'o'insu, yanzu har da babura da motoci. Amma ku sani, yawancin kambin da kuke gani a kan masu rawa fata ce aka sassaƙa aka shafa mata ruwan gwal.

[Hoto: babban titin Celuk, motocin baƙi a gaban kantuna]

Yanzu maganar saye, kuma a nan nake so 'yan'uwa mata su saurara. Mun saba da gwal ɗin Dubai da na Saudiyya: a ɗora a sikeli, a faɗi kuɗin giram, in buƙata ta taso a kai kasuwa a sayar, wani lokaci har da riba. Wanda ya shiga Celuk da wannan lissafin zai fito yana cewa an cuce shi. Azurfa ba ta kama ƙafar zinariya a daraja ba, kuma a ɗan kunne mai jawan, kuɗin ƙarfen shi ne ƙaramin kaso. Abin da kuke biya shi ne idon da ya jera ƙwayoyin nan da kwanakin da aka yi ana jerawa, kuma ranar da kuka je sayarwa babu mai mayar muku da wannan. Kayan sawa ne, ba ajiya ba. Mai neman ajiya ya nufi titin Hasanuddin a Denpasar, inda 'yan gari ke sayen gwal da awo da rasit. Can ma a duba lamba, don a Indunusiya ana sayar da gwal mai ƙarancin kyau a fili: 750 shi ne karat 18, 375 kuwa karat 9 ne kacal.

Tunda aikin hannu za ku biya, sai ku tabbatar shi aka ba ku. Kaya da yawa a kantuna yanzu zubi ne: an ɗauki samfurin aikin hannu guda, an zuba ɗaruruwa irinsa. Zubi ba jabu ba ne, azurfarsa na iya zama mai kyau, amma bai kamata a saye shi da kuɗin aikin hannu ba. Ku ɗauki biyu iri ɗaya ku haɗa. In komai nasu ya zo daidai babu ko ɗan bambanci, zubi ne. Ku buɗe kyamarar waya ku zuƙo hoton: ƙwayar da aka ɗora da hannu zagayayya ce har ƙasanta, kamar za ta gangaro, ta zubi kuwa gindinta a haɗe yake da jikin zoben, kamar ƙurji. Ku juya bayan kayan ma, zubi kan bar 'yan ramuka ko layin da aka goge.

Lambar 925 kuwa, kowa na iya sayen ƙarfen buga ta. Maganaɗisu yana taimakawa: azurfa ba ta bin sa, in kaya ya manne to a ajiye shi, sai dai maƙullin sarƙa kan ɗan motsa saboda ƙaramin ƙarfen da ke cikinsa. Amma tagullar da aka yi wa ruwan azurfa ita ma ba ta bin maganaɗisu, don haka a duba gefuna da wajen maƙulli ko akwai ja ko rawaya da ke leƙowa. In kuka ji an ce alpaka, babu azurfa a ciki ko ɗigo, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, kuma nikel ɗin ne ke sa wa wasu ƙaiƙayin kunne. Kanti na ƙwarai zai auna a gabanku ya rubuta nauyi da lamba a rasit. Wanda ya fara kame-kame da kuka nemi haka, ku yi masa sallama.

Direban da ya ce zai kai ku wajen ɗan'uwansa mai araha, galibi yana da la'adarsa a kantin, kuma daga aljihunku za ta fito. Ni shawarata, ku leƙa manyan kantunan bakin titi ku ga farashi, sannan ku sauka ku bi lungunan Celuk da maƙwabciyarta Singapadu a ƙafa, inda za ku ji ƙarar guduma daga cikin gidaje. Can za ku ga mai aikin da idonku, ku ba da awon yatsa a yi muku naku. Wasu gidajen a Celuk da Ubud ma suna koyar da baƙi, cikin 'yan sa'o'i mutum ya ƙera zobensa. Ko don ku ga wuyar abin ya isa ku gwada.

A kasuwar Sukawati da ta Ubud ciniki ake yi, kuma farashin farko na baƙo ne, ku taya ƙasa sosai da fara'a. Sammako yana da amfani, don 'yan kasuwar suna ɗaukar cinikin farko a matsayin sa'ar yini, za ku ga mai kaya tana kaɗa kuɗin a kan sauran hajarta. Inda aka rubuta harga pas, ba ragi ke nan. A gaban maƙerin da kuka ga yadda yake tsiyayar da idonsa kuwa, ni dai ba na ganin kyan matsa masa har ya sallama a kan faɗuwa. Sannan ku kula da sifili. Kuɗinsu rupiya, babbar takarda ita ce ta 100,000, kuma sukan yar da dubu a magana, in an ce 250 ana nufin 250,000. A rubuta muku a kalkuleta kafin ku ce kun saya.

Na ce za mu dawo kan addini. Zane da yawa a kayan Bali alamun bauta ne: harafin Ongkara, fuskar Barong (wata halitta ce mai kama da zaki a addininsu), Ganesha mai kan giwa, da zaren hannu mai launi uku, ja da fari da baƙi, wanda ake kira tridatu, yana wakiltar manyan allolinsu uku. Musulmi ko Kirista da ba ya son ya rataya abin da bai san ma'anarsa ba, ya tambaya, za su gaya masa ba tare da jin haushi ba, kuma zanen fure da ganye da jawan zalla sun fi yawa. Maza masu neman zoben azurfa su tambaya ko an yi masa ratsin zinariya, don salon haɗa biyun ya yaɗu a can.

Abin da aka yi da ƙoƙon kunkurun teku, ko hauren giwa, ko baƙin murjani, ku bar shi a inda kuka gan shi, doka ta hana, kuma a filin jirgi za a iya ƙwacewa har a tuhume ku. In tafiyarku ta faɗo wajen watan Maris ku duba ranar Nyepi, don ranar tsibirin gaba ɗaya a rufe yake na awa 24, har filin jirgin sama.

In kun dawo gida, a sa turare da humra su bushe tukuna kafin a sa kayan, kada kuma a turara su tare da tufafi, yana sa azurfa saurin dafewa. A ajiye a 'yar leda mai zif, in ta dushe a goge saman da ƙyalle mai laushi. Kada a jiƙa ta a ruwan wankin azurfa na kanti, zai cinye baƙin lungunan, zanen ya ɓace.