Amsoshin Tambayoyinku: Me Farfesan Ingilishi Ke Yi Bayan Ya Ajiye Aiki?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tambayarmu ta yau daga wata malamar makaranta take. Ta ce ta ga an rubuta a bayan wani littafi cewa marubucinsa farfesan Ingilishi ne da ya yi ritaya, kuma yana ba da shawara kan sadarwa. Tana son sanin wane irin aiki ne wannan, kuma su wa ke nemansa.

To Malama, kafin mutum ya kai farfesa galibi sai ya yi digirin digirgir, ya wallafa bincike, ya shafe shekaru yana gyaran rubutun ɗalibai da jan biro. A ganina wannan gyaran shi ne jarinsa, domin idonsa ya saba gano daidai layin da mai karatu zai rikice.

Bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati su ne ke kiransa. Sai a ajiye masa takardar yarjejeniyar bashi, jimla ɗaya ta cinye layi shida, ya datse ta gida uku, ya fito da ranar biya da kuɗin tara zuwa sama inda ido zai fara sauka. Wani lokaci kuma zai zaunar da shugaban kamfani, ya koya masa yin jawabi ba tare da kame-kame ba.

Kada ki ɗauka ƙaramin lamari ne. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher ta yayyaga takardun gwamnati a dandalin da ke gaban majalisar dokokin Birtaniya saboda talaka ba ya gane su, ta kuma kafa ƙungiyar Plain English Campaign, mai fafutukar a riƙa rubutu da Ingilishi mai sauƙi. A Amurka, a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Tun 1948 ma wani masani mai suna Rudolf Flesch ya fito da ma'aunin sauƙin karatu, mai duba tsawon jimla da yawan gaɓoɓin kalma.

Amma fa ba kowane farfesa ke iyawa ba. Wanda ya saba rubuta wa 'yan'uwansa masana sai ya sauke wannan salo tukuna, in ba haka ba ya ƙara dagula takardar.

Littattafan da yake rubutawa kuwa galibi daga darussan da ya daɗe yana koyarwa suke fitowa. Wasu jami'o'in kan bar masa muƙamin girmamawa na emeritus, ya ci gaba da duba ayyukan ɗaliban digirin digirgir.