Katin QSL: Takardar da Ke Shaida Cewa an Ji Muryarka

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi katin da ke kan allo. Tsayinsa santimita 14, faɗinsa santimita 9. A tsakiyarsa an buga wasu manyan haruffa gauraye da lamba, a ƙasa kuma ga rubutun hannu: kwanan wata, ƙarfe nawa, da wata lamba 599. Wanda bai sani ba zai ɗauka katin gaisuwa ne irin na 'yan yawon buɗe ido. Sunansa katin QSL, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da shekarunsu suna tara irinsa. Yau za mu ga abin da ke cikinsa, da dalilin da ya sa tsohonsa ya cancanci a adana.

Tun farkon ƙarni na 20, a Amurka da Turai, akwai mutanen da ke haɗa na'urar rediyo a ɗakinsu, ba don saurare kawai ba, don su ma su aika saƙo. Ba gidan rediyo ba ne, ba sa watsa labarai, ba sa karɓar talla. Sha'awa ce zalla. Mutum zai rubuta jarrabawa, gwamnati ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai, ya kafa eriya a bayan gida, ya shiga laluben wanda zai amsa masa. A 1912 dokar Amurka ta tura waɗannan 'yan rediyon sha'awa zuwa gajeren zango, ƙasa da mita 200, saboda a lokacin ana ganin wurin ba shi da wani amfani. Ashe an jefa su cikin albarka ne. Gajeren zango yana tashi sama, ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da caji, ya dawo ƙasa a can nesa, ya sake tashi. A watan Nuwamban 1923, Léon Deloy da ke birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a jihar Connecticut ta Amurka, tekun Atlantika na tsakaninsu.

To amma maganar iska ba ta barin sawu. Idan mutum ya wayi gari ya ce jiya da dare ya zanta da wani a Ostireliya, wa zai yarda? Katin shi ne amsar. Masu wayar tangaraho suna da gajerun kalmomi masu farawa da Q, waɗanda aka amince da su a taron ƙasa da ƙasa na Landan a 1912, kuma QSL a cikinsu na nufin "na tabbatar saƙonka ya iso". Bayan an gama zance, kowa sai ya cike kati ya aika wa ɗan'uwansa ta gidan waya. Daga cikin mafi tsufa da aka sani akwai na 1916, wanda tashar 8VX ta Buffalo ta aika wa 3TQ a Philadelphia. A Ingila kuwa ana danganta farkonsa da Bill Corsham, mai lamba 2UV, a 1922.

Bari mu karanta kati guda a tsanake, domin a nan daɗin abin yake. Manyan haruffan nan su ne lambar kiran mai katin, kuma na farkonsu ke gaya maka ƙasarsa: G Ingila ce, W ko K Amurka, JA Japan, 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Sai lambar wanda aka aika wa. Sai lokaci, wanda ake rubutawa a agogon GMT, wannan dai da masu sauraron BBC Hausa suka saba ji, don kada bambancin sa'o'i ya kawo gardama. Sai zangon da aka haɗu a kai, misali mita 20 ko mita 40. Lambar 599 kuma rahoto ce kashi uku: yadda saƙon ya fahimtu, daga 1 zuwa 5, ƙarfinsa, daga 1 zuwa 9, da tsabtar sautin, daga 1 zuwa 9, wanda ake bayarwa idan da ƙwanƙwasar Morse, wato gajeru da dogayen sautuka masu wakiltar haruffa, aka yi zancen. Ni dai na fi son katin da ke ɗauke da rahoto maras kyau, irin 339, domin yana nuna mutumin ya manna kunne ne cikin shuu da ƙaraf-ƙaraf har ya tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙasa za ka ga ya lissafa kayan aikinsa, wat nawa na'urar ke fitarwa, wace irin eriya, wani lokaci har ya ƙara da cewa shi ya ƙera ta da hannunsa. Sai ya rufe da 73, wato gaisuwa da fatan alheri.

Yanzu juya bayan katin. Idan akwai kan sarki da hatimin gidan waya, kai tsaye aka aiko shi. Idan babu kan sarki sai wani tambarin roba na ƙungiya, to ta ofishin tattara katuna ya biyo. Aika kati ɗaya-ɗaya zuwa ƙetare yana cin kuɗi, shi ya sa ƙungiyoyin 'yan rediyo na kowace ƙasa suka kafa ofis: kowa ya kawo nasa, a ware ƙasa-ƙasa, a ɗaure a aika a dunƙule. Arha ne, sai dai kati kan yi shekara ko fiye a hanya. A zamanin Tarayyar Sobiyet kusan duk katin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta adireshi guda, Akwati na 88, Mosko. Ku tuna lokacin yaƙin cacar baka ne, shugabanni na nuna wa juna makaman nukiliya, amma wani injiniya a Saberiya da wani manomi a Amurka suna aika wa juna kati da 73 a ƙasansa. Wannan abin yana taɓa ni ƙwarai.

Me ya sa suke ɗokin katin haka? Akwai lambar yabo da ARRL, ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Amurka, wadda aka kafa a 1914, ke bayarwa. Sunanta DXCC, kuma ana samunta ne idan mutum ya kawo shaidar zantawa da ƙasashe ko yankuna 100. Jerin nasu a yau yana da 340, saboda ana ƙirga wasu tsibirai daban. Mafi wuyar samu su ne irin Koriya ta Arewa, inda ba a barin kowa ya yi wannan sana'ar sha'awa, da tsibirin Bouvet, wani dutsen ƙanƙara a kudancin Atlantika da ba kowa a kansa. Mutane kan haɗa kuɗi su yi hayar jirgin ruwa su je irin waɗannan wurare, su kafa tanti da eriya na 'yan kwanaki, don kawai sauran duniya su samu katin.

Ga mai tara tsofaffin katuna kuwa, abin da ya fi jan hankali shi ne ƙasashen da suka canza suna ko suka shuɗe. Jamus ta Gabas ta tafi, amma katunanta masu lambar kira da ke farawa da DM ko Y2 suna nan. Kafin 'yancin kai, lambar Najeriya ZD2 ce, ta Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, ZD4, Nijar kuma tana cikin FF8 ta Afirka ta Yamma ƙarƙashin Faransa. Yawancin masu waɗannan lambobi a wancan zamani Turawa ne ma'aikatan mulkin mallaka, injiniyoyi da 'yan mishan, kuma katunansu sun tafi ƙetare ne, can suke cikin akwatunan mutane. Wanda ya ci karo da kati mai ZD2 da sunan Kano ko Jos ko Kaduna a jikinsa, ga kan sarki mai hoton Sarki George na shida ko Sarauniya Elizabeth, to ya riƙe shi da kyau. Lambar kanta ma tana faɗin shekaru. Katin Amurka ko Ingila da lambar kiransa ta fara da lamba tsirara, kamar 8VX ko 2UV, babu W ko G a gaba, yawanci ya girmi 1928. Kuma za ka lura da giɓi a shekarun yaƙin duniya na biyu, domin Ingila ta rufe tashoshin 'yan sha'awa a 1939, Amurka ta bi baya a Disamban 1941.

Akwai katunan manya da kowa ke nema. Sarki Hussein na Jordan, wanda ya rasu a 1999, lambarsa JY1, kuma yakan shiga iska ya yi hira da talakawan duniya kamar kowa. Rajiv Gandhi na Indiya yana da VU2RG.

Yanzu mu koma wani ɓangare na masu katin QSL, wanda halinsa daban ne kwata-kwata. Rediyon CB, zangon jama'ar gari, na'ura ce irin wadda muke kira oba-oba, wadda ake sakawa a mota ko a ajiye a gida. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe shi a kan megahaz 27 a 1958 da tashoshi 23, babu jarrabawa, ƙarfinsa kuma bai wuce wat 4 ba. Ya yi ta tafiya a hankali har rikicin man fetur na 1973 ya zo, aka kafa dokar hana gudu fiye da mil 55 a awa a farkon 1974. Direbobin tirela suka mayar da shi abokin tafiya: ina ake samun mai, ina 'yan sanda suka laɓe. Tasha ta 19 ta zama dandalinsu, ta 9 kuma ta neman agaji. Nan da nan abin ya zama yayi, miliyoyin mutane suka saya, har matar shugaban ƙasa Betty Ford ta shiga da inkiyar First Mama. A 1977 aka ƙara tashoshin zuwa 40, Birtaniya ta halatta nata a Nuwamban 1981, a 1983 kuma Amurka ta daina neman lasisi gaba ɗaya.

Su ma 'yan CB sun buga katuna, amma ba don kafa hujja ba. Dokar lokacin ta hana su magana da wanda ya wuce nisan mil 150, saboda haka babu wata lambar yabo ta hukuma da za a nema. Katinsu na gabatar da kai ne. Kowa da inkiyarsa, sai a zana masa hoton barkwanci da ya dace da ita: tirela mai hayaƙi, kare sanye da hula, mata da miji da 'ya'ya kowa da nasa laƙabin a jere, tare da tashar da suka fi zama a kai. Ana musayarsu hannu da hannu a taron shan kofi da manyan bukukuwan ƙungiya, ko a cusa goma a ambulan a aika wa wani ya raba, har da mutanen da ba a taɓa jin muryarsu ba. Wanda ya san ƙungiyoyin zaɓi-sonka na gidajen rediyonmu, yadda mutum ke yin suna da laƙabinsa da jerin waɗanda yake gaisarwa, ya riga ya fahimci wannan duniyar. Wasu masu zane sun shahara a harkar har suna sa wa kowane kati lambar jeri, kuma akwai masu tarawa da burinsu kawai su cike jerin mai zane guda. Gaskiya wasu katunan na ɗauke da zanen batsa ko na raina wata ƙabila, kuma ba sai an yi musu kwalliya ba, haka zamanin yake. Amma mafi yawansu hoton rayuwar talakan Amurka ne na shekarun 1970, makanike da ma'aikaciyar asibiti da tsohon soja, mutanen da babu wanda zai rubuta tarihinsu, suka zana kansu yadda suke so a gan su. Wajen gane shekarunsu, lambar yanki ta gidan waya mai alƙaluma biyar ta fara ne a 1963, kuma lambar kiran CB mai haruffa uku da alƙaluma huɗu, wadda ke farawa da K, ta zo bayan tsohuwar mai farawa da lamba.

Wanda ke son farawa, shawarata ita ce kada ya shiga da tunanin riba. Yawancin katunan nan kuɗinsu kaɗan ne, a dunƙule ake sayar da su a kasuwar 'yan rediyo, a gwanjon kayan mamaci, ko a kasuwar intanet ta eBay. Masu tsada su ne na shekarun 1920, na wurare masu wuyar samu, da na sanannun mutane. Ya zaɓi zare guda ya bi: ƙasa ɗaya, shekara goma ɗaya, mai zane ɗaya, ko Afirka ta Yamma kafin 1960. Ramin ƙusa a kusurwa kada ya dame shi, domin a bangon ɗakin rediyo ake kafe su, alamar an yi alfahari da katin ne. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya ɓamɓare kan sarki ya jefar da katin, ko ya samu tarin mutum guda tare da littafin da yake rubuta zantukansa, ya wargaza su ɗai-ɗai. Tarin da ke haɗe yana nuna maka da wa mutum ya yi magana tsawon shekara arba'in. Idan aka raba, wannan ya tafi ke nan. Da yawa ma ba sa kaiwa kasuwa. Mai su ya rasu, magada ba su san mene ne ba, sai bola. Cibiyar DokuFunk da ke Vienna ta ƙasar Ostiriya tana karɓar irin waɗannan, kuma tana riƙe da miliyoyin katuna. Tun da ARRL ta buɗe rajistar intanet mai suna Logbook of the World a 2003, ana iya tabbatar da zance ba tare da takarda ba, don haka sababbin katuna sai raguwa suke yi.

Wajen ajiya, a ƙasashenmu maƙiyan takarda sanannu ne: laimar damina, gara, kyankyasai da hasken rana. Kada a manna salatif, tabonsa ba ya fita. Kada a kai a yi masa laminatin, zafin da gam ɗin suna kama takardar har abada. A saka kowane kati a ledarsa ta adana hotuna, a jera a tsaye cikin akwati, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa. Duk bayanin da za a ƙara, a rubuta shi a wata takarda daban da fensir. Idan kuma za a ɗora hoton kati a intanet, a ɗauki gaba da baya duka, sannan a rufe lambar gida da sunan titi, musamman a katunan CB, domin da yawa daga cikin masu su ko 'ya'yansu suna zaune a gidajen har yanzu.