Sharhi: Bangon Unguwa da Kalangun Biki

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.

A makon jiya na ratsa wani lungu a bayan Kasuwar Kurmi, sai na tarar ana yaɓe wani tsohon zaure da siminti. Rabin fuskar zauren ta riga ta shafe. A ɗaya rabin kuwa zayyana tana nan daram: dagi a saman ƙofa, layuka sun murɗe sun sarƙe da juna, har ana iya ganin sawun yatsun maginin da ya matsa ta tun ƙasa tana ɗanya. Na tsaya na daɗe ina kallo. Kafin la'asar na san an gama da ita, kafin wata ya mutu kuma fastar 'yan siyasa da tallan magani za su rufe wurin.

Ban ga laifin maigidan ba. Damina ba ta wasa da ginin ƙasa, kuma gyaransa duk shekara kuɗi ne. Amma magabata ba su bar bango haka kawai ga ruwa ba. Suna shafa makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna haɗa laso, simintin gargajiya da ake shafe soro da shi, da katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin karofi. Kun ga ke nan marinin Ƙofar Mata, inda ake rini tun 1498, yana da hannu a ƙarkon soron maƙwabcinsa. Sana'a ce ke riƙe da sana'a. Wanda ke son ganin yadda wannan aiki yake idan an kula da shi, ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa.

To, amma gidan tarihi wurin ajiya ne. Magini ba ya koyon zayyana sai an ba shi bango, ba ya koya wa ɗansa sai yana cin abinci da ita.

Haka zancen yake a wajen makaɗa. A da, idan mahauci zai yi aure, tun daga bakin layi za ka ji kalangu. Makaɗi ya matse shi a hammata, ya saki, ganga ta kira sunan ango, ta yi taken gidansu, tsofaffi su gane wanda ake nufi ba tare da an buɗe baki ba. A cikin gida mata na kiɗan ƙwarya, ana amada. Yau galibin bukukuwanmu DJ ake ɗauka da manyan lasifika, a toshe hanya, mara lafiya da ɗalibi su kwana ido biyu. Shi ya sa da an ce kiɗa a unguwa sai dattawa su ɗaure fuska, kuma suna da hujja. Sai dai kalangu ba ya tsallake layi uku, mai kalangu kuma ɗan unguwa ne, mai unguwa na iya ce masa ya tsaya in an kira salla, ya tsaya.

Mun yi murna a Disamban 2024 da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Amma a Babbar Sallar shekarar ta 2024 'yan sanda sun dakatar da hawan saboda dalilan tsaro. Mai algaita da mai ganga da suka dogara da waɗannan 'yan kwanaki, da me suka ci abinci? Ko a shekarar da aka yi hawa lafiya, kwanakin ba sa ciyar da gida wata goma sha biyu.

Kada wani ya ce Kanawa ba su damu da adon gari ba. Lokacin da aka rushe shataletalen gidan gwamnati a Yunin 2023, wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, an yi ta muhawara a majalisu da gidajen rediyo. Wannan damuwar nake so ta sauko cikin lungu.

Ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ke tara kuɗin yashe kwata da gyaran makabarta, su ware bango guda, ko na makarantar firamare ne, su ba magini ya yi zayyana, yara masu zane su tsaya kusa da shi suna kallo, a kuma hana manna fasta a kai. Alhaji mai aurar da 'ya, a cikin kuɗin da ka ware wa lasifika, cire rabi ka kira masu kalangu tsakanin la'asar da magariba. Tambayi mahaucin da kake sayen nama a wajensa, ya san inda suke.